Ranar da Baba Ya Yi Azumi Shi Kaɗai

Allah da ya ba mu aron surukina ya karɓi abinsa ranar Lahadi da hantsi, kuma mu ma can muka nufa. Da azahar aka kai shi. Kafin la'asar gidan ya cika har bakin rijiya, maza a zaure da ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, mata a tsakar gida, takalma sun taru a bakin ƙofa kamar ana sayar da su.

'Yan goro sun zo gaba ɗayansu, har da waɗanda ya yi shekaru yana faɗa da su a kan rumfa. Matan Fulani masu kawo mana nono suka ajiye ƙorai a gefe, kowace ta kama hannun Goggo, wato yayarsa, tana cewa, "Allah hokku munyal," wato Allah ya ba da haƙuri. Abokan aikin maigidana na kamfanin auduga suka zo da rigunansu na ofis, suka yi tasu ta'aziyyar da Faransanci, suka rasa yadda za su zauna a tabarma da matsattsun wanduna. Kowa maganarsa ɗaya, mutumin kirki ne, mutumin kirki ne. Na ji ta har ta gundure ni, domin haka ake faɗa a kan kowa, har wanda ba a so.

Sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta shigo, ta tsaya tsakiyar gida ta ce, "Allah sarki, tsohon wata ya tafi." Wasu 'yan mata suka kusa yin dariya, suka rufe baki da gyale. Ban ga laifinsu ba. Da wannan sunan suka tashi suka san shi, tsoho mai radiyo da ba ya da hira sai ta Turawan da suka je wata. Amma sunan ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na son abin da zai rage na Baba ya zama abin dariyar yara.

Mutum ɗaya ne bai ce mutumin kirki ne ba. Baffa ne, ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya, limamin unguwarmu. Shi ya yi masa salla, ya dawo ya zauna a zaure ya sunkuyar da kai. Tsakaninsa da Baba akwai magana ɗaya da ta kwana shekaru ba a warware ba. Baffa ya taɓa mayar wa yayansa da shaidar ganin wata a gaban jama'a, kuma har Baba ya koma ga Allah shaidar nan ba a karɓe ta ba.

Kakanninsu daga wajen Kano suka zo da fataucin goro da kanwa, suka zauna a Garuwa. Baba a nan aka haife shi. A gida Hausa, a kasuwa Fulatanci, Faransanci kuwa gaisuwa kawai ya iya, ita ma da tsawa yake yin ta. Mutum ne mai murya, mai gardama, mai saurin fushi da saurin sauka. Ni dai ban taɓa jin ya ce "ban sani ba". In bai san abu ba, sai ya ce ba a gama gaya masa ba tukuna.

Abin da Allah ya ba shi da babu mai musu shi ne ido. Yakan ga sankara a cikin goro kafin a fasa. Saboda idon nan, duk ƙarshen wata, bayan la'asar sakaliya, sai ya ɗauki buzunsa da buta ya gangara bakin Binuwai, shi da maƙwabcinmu mahauci, su zauna jiran jinjirin wata. In sun gani su zo masallaci su shaida wa liman, liman ya kai su fada, a buga bindiga, gari ya san gobe azumi ko gobe salla. Tun kafin Baffa ya zama liman haka ake yi. Baba ya fi alfahari da wannan a kan duk huhunan goronsa. Yakan ce, "Ni an mayar mini da goro, an mayar mini da mata ɗaya, amma ba a taɓa mayar mini da shaida ba."

Shi ya riƙe Baffa bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya tura shi karatu Marwa. Har Baffa ya yi rawani ya tara almajiran ilimi manya masu gemu, Baba bai daina kiransa Auta ba, ko a gaban wa. Baffa kuma ya ce masa Hamma, kamar yadda ake kiran wa a nan, su biyun kuma su ce wa Goggo Adda.

Ina amarya a gidan, cikin damina, wata safiya ina tankaɗe sai ga Baba ya faɗo tsakar gida da radiyo a kafaɗa, babu sallama babu gyaran murya.

"Sun sauka!"

Goggo ta ce, "Su wa? In baƙi ne ka ce su jira, ba a ɗora komai ba."

"Adda, mutanen Amurka sun sauka a kan wata. Da ƙafafunsu."

Goggo ta dube shi, ta dubi radiyon, ta ce, "Na gaya maka akwatin nan sai ya taɓa maka kai." Ta ci gaba da tsince wake.

Daga ranar gidanmu bai sake hutawa ba. Pil, wato batiran radiyo, in sun yi sanyi sai ya shanya su a rana a kan bakin rumbu, wai su ɗan farfaɗo. Maigidana ya samo masa wata mujallar Faransanci mai hotuna daga ofis, Baba ya sa shi gaba yana ta tambaya. Tambayoyinsa duk na bafatake ne. Me suka yi guzuri? Ina suka sami ruwa? Wa ya nuna musu hanya, tunda ba wanda ya riga su? Ba ya ce musu 'yan sama jannati yadda radiyo ke cewa. Shi a wurinsa fataken sama ne.

Da ya ji su uku suka tafi, biyu suka sauka, ɗaya ya zauna a cikin kumbo yana kewaya yana jiransu, sai ya ajiye mujallar a gefe. Can ya ce, "Wannan shi ne mutumina." Ashe yana saurayi ya taɓa bin mahaifinsu har Kano, tafiyar watanni. Da suka isa zango a bayan ganuwa, aka ce shi ya zauna tsaron kaya da jakuna, manya suka shiga birni. Aka gama ciniki aka juyo. Yana ganin ganuwar, yana jin kiran salla daga ciki, bai taka ba, kuma bai sake komawa ba har ya tsufa. Ya ce, "Kowa zai yi ta zancen biyun nan. Amma da mai tsaron kaya ya yi barci, da wa zai dawo gida?"

Maganar ta bazu a unguwa. Wasu suka ce ƙarya ce, a wani dutse aka ɗauki hoton. Wasu suka ce in gaskiya ne to duniya ta zo ƙarshe. Aka kai wa Baffa tambaya a majalisar ƙofar gidanmu bayan la'asar. Ni ina ciki, amma bangon zaurenmu bai taɓa ɓoye wa mata komai ba.

Baffa ya yi magana a hankali, yadda ya saba. Ya ce labari ne da ya zo daga bakin waɗanda ba mu san adalcinsu ba, babu Musulmi ɗaya da ya halarta. Kada a ƙaryata da ƙarfi, kada a gaskata da ƙarfi, a bar wa Allah saninsa. In ka tambaye ni yau, maganar ba ta da aibu. Amma Baba ba ya cin tuwo da ɗumi, ko zafi ko sanyi.

Ya ce, "Wallahi tallahi sun taka shi. Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

Baffa ya ce, "Hamma, kada ka rantse. Ba ka gani ba."

"Auta, kai da ko Ngawundere sai da na riƙe maka hannu a cikin mota kana amai, kai ne za ka gaya mini iyakar inda ɗan Adam ke zuwa?"

Majalisa ta fashe da dariya, har ɗaliban Baffa. Na ji Baffa ya yi sallama ya tashi. Baba ya shigo gida yana murmushi kamar wanda ya yi kyakkyawan ciniki. Goggo ta ce masa, "Ka kyauta. Ka tuɓe wa ƙaninka rawani a gaban yaransa." Ya ce ai wasa ne, Auta ya san halinsa.

Damina ta wuce, aka fara tsinkar auduga, watan azumi ya gabato. Ranar duban wata sararin yamma ya yi duhu da hayaƙin ƙunar daji daga tsallaken kogi. Mutane da yawa sun duba sun haƙura. Baba da mahauci suka daɗe a bakin ruwa, har hayaƙin ya ɗan tsage, Baba ya nuna da yatsa, mahauci ya ce shi ma ya gani. Suka nufo masallaci da sauri. Maigidana yana wurin, shi ya ba ni labari, kuma har yau ba ya son tuna shi.

Baba ya tsaya gaban jama'a ya ce, "Auta, mun gan shi. Tashi mu je fada."

Baffa bai tashi ba. Ya ce, "Hamma, mutumin da ya rantse da Allah a kan abin da bai gani ba, ta yaya zan ɗauki shaidarsa in kai fada a kan abin da ya ce ya gani?"

Baba ya ce, "Auta, na gan shi. Siriri ne, ya kwanta ta hannun hagu."

"Ba zan kai ba."

Shari'a mutum biyu take so. Aka juya ga mahauci, shi kuwa da ya ga abin ya zama na 'yan gida ɗaya sai ya fara sosa ƙeya, ya ce to shi dai ya ga wani abu fari, amma ta yiwu gefen hayaƙi ne. Baba ya dube shi, ya dubi ƙaninsa, ya ce, "To, Liman." Ya ɗauki takalmansa. Daga ranar kalmar Auta ba ta sake fita daga bakinsa ba.

Da ya shigo gida maigidana ya ce shi zai ɗauki azumi tare da shi. Ni ma na ce haka, Goggo ma. Baba ya hana. Ya ce, "Ku ba ku gani ba, ku bi limaminku. Ni da na gani ba ni da hanyar ci." Ya juyo gare ni ya ce, "'Yar nan, ki ɗan ajiye mini abin sahur."

Washegari gari yana ta ci. Kun san yadda jajibirin azumi yake, kowa na sallama da abinci, masu tsire sun hura wuta tun hantsi. Baba ya tafi kasuwa ya zauna a rumfarsa, bakinsa fari fat, shi da ba a taɓa ganinsa ba goro a baki ba. Wani ya miƙo masa ruwa da gangan. Wani ya ce ko mutanen Amurka ne suka aiko masa da labarin watan ta radiyo. Mutumin da ke iya tayar da kasuwa da murya ɗaya bai tanka wa kowa ba.

Da yamma na dama masa kunun gyaɗa da tsamiya, na soya ƙosai kaɗan, na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. A unguwa duka babu wani mai jiran kiran salla sai shi. Muryar Baffa ce ma ta kira, don ladan ba ya nan. Baba ya yi bisimilla ya sha, ya ajiye ludayi, ya ce, "'Yar nan, yau na koma zangon Kano." Na shige madafa na yi kukana, don suruka ba ta kuka gaban suruki. Na ji haushin Baffa a ranar, haushin da ban taɓa ji a kan wani mahaluki ba.

Mun sa ran ƙarshen wata zai raba gardama, bai raba ba. Aka ga watan salla gari na da ashirin da tara, Baba na da talatin. Wata yakan yi haka, yakan yi haka. Masu cewa ya gani suka ce kun gani, masu cewa hayaƙi ne suka ce kun gani. Ni na yarda ya gani, amma ni surukarsa ce, kuma ba na bakin kogin.

Kada wani ya ɗauka sun yi gaba. Baba bai fasa salla bayan Baffa ba ko sau ɗaya, a sahun farko kuwa. Suna gaisawa, suna zaman suna da biki tare, in goro mai kyau ya zo sai an kai gidan Baffa. Abu ɗaya ne ya canja. Duk ƙarshen wata Baba na gangarawa bakin ruwa kamar da, shi kaɗai yanzu, ya duba, ya yi addu'arsa, ya dawo gida ya yi shiru. Masallaci bai sake jin ya ce ya gani ko bai gani ba. Ni kuwa in Baffa ya zo gidan nakan durƙusa in gaishe shi yadda ya kamata, in kai masa abinci, amma tsokar da ta fi kyau ba ta taɓa faɗawa kwanonsa ba.

Zancen fataken sama kuma bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Duk tafiyar da suka sake yi sai mun sha labari. Da aka ce sun kai wata 'yar mota can suna yawo, ya ce yanzu magana ta fara, saura rumfa. Ya yi imani kafin jikokinsa su yi aure za a riƙa zuwa ana dawowa kamar Marwa, har yana cewa goro zai yi daraja a can tunda babu rana mai busar da shi. Maigidana ya ce masa ai rana ta fi zafi a can. Baba ya ce ba a gama gaya wa maigidana ba tukuna.

Abu ɗaya ne ya dame shi, me suke kawowa? Aka ce duwatsu da ƙasa. Tafiya ta gaba? Duwatsu. Sai ya fara girgiza kai. Ya ce, "Ba za ta ɗore ba. Na ga jiragen ruwa suna hawo kogin nan da gishiri suna komawa da auduga da gyaɗa, don akwai abin ɗauka ta kowane gefe. Su waɗannan suna tafiya da kaya suna dawowa da tsakuwa. Wata rana mai ba da guzuri zai gaji." Da aka daina jin labarin tafiyar gaba ɗaya, bai yi murnar cewa ya faɗa ba. Ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Ya ce shi ba don ciniki ya so su ba, ya so su ne don sun ga hanya ba sawu sun bi.

Shekarun fari suka zo. Makiyaya suka gangaro daga arewa, shanu sun ƙare, wasu da sanda kawai. Magana ta fita cewa tun da aka taka wata ruwa ya ɗauke, wasu har suna kallon gidanmu kamar Baba ne ya ba Turawan tsani. A lokacin ya kwashe huhunan goro daga ɗakin ajiya ya sa wani dattijon makiyayi da iyalinsa, mutanen da bai taɓa gani ba. Suka yi watanni muna ci tare. Wata rana dattijon, bai san da wa yake magana ba, ya ce wa Baba cikin Fulatanci ai waɗanda suka sa ƙafa a wata su suka kashe masa shanu, Allah ya isa. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina jiran tsawa. Baba ya dubi mutumin, ya dubi ƙafafunsa da suka tsattsage, ya ce mini, "'Yar nan, ƙaro wa baƙona fura." Da dare ya yi kuma bai kunna radiyo ba, kuma bai sake kunna ta a gaban mutumin ba har suka tafi.

Bayan wasu shekaru aka yi hira da ɗaya daga cikin waɗanda suka je, aka fassara a radiyo. Abin da Baba ya riƙe a ciki shi ne wai daga can duniyar nan gaba ɗaya ƙarama ce, mutum na iya rufe ta da babban yatsa, kuma wai na baya za su wuce wata su nufi inda ya fi nisa. Baba ya fita tsakar gida da magariba, wata ya yi kwana kamar goma, ya miƙa hannu ya rufe shi da yatsa, ya buɗe, ya rufe. Ya ce, "Kin ji, ya rufe mu duka. Da Garuwa, da Kano, da Makka, da ni da Liman." Sai ya yi dariya ya ce, "Mutumin da ya ga haka ban san yadda zai dawo ya yi faɗa da maƙwabci a kan kan iyakar gona ba." Na ce a raina to Baba, ga masallaci can taku kaɗan. Ban faɗa ba. Shi ma bai je ba.

Sai idon ya fara tafiya. Yanar ido ta rufe na dama, ta bi na hagu. Mutumin da ke ganin sankara a cikin goro ya koma shafa bango. Amma ƙarshen wata bai daina zama masa rana ba. Tunda ba ya iya zuwa kogi, sai ya sa a kai masa buzu bayan gida inda katanga ta yi ƙasa, ya kira ni. Shi ya koya mini duba. Ya ce in riƙe inda rana ta faɗi, in ɗaga ido kaɗan, kada in ƙura, in bar shi ya zo da kansa. In na ce na gani sai ya tambaye ni ta ina ya kwanta, in faɗa, ya ce, "Kin gani, na yarda." Sai ya ɗaga hannu ya yi addu'a yana fuskantar wurin da ba ya gani. Wani lokaci har in yi shakkar kaina, shi bai taɓa shakkata ba.

A shekarun ne Baffa ya yi yunƙuri sau ɗaya. Jajibirin wani azumi sama ta yi gajimare, ya aiko babban ɗalibinsa ya tambayi ko Hamma ya ga wani abu. Baba ya gane abin da aiken ke nufi, mu ma mun gane. Sannan ya ce, "Ka gaida Liman. Ka ce masa idon ya tafi." Goggo ta yi ta masifa bayan ɗalibin ya fita. Ta ce an miƙo masa hannu ya noƙe, su biyun duk taurin kan uwarsu suka ɗauko, ita ma haka ta mutu ba ta taɓa cewa a yi haƙuri ba. Baba ya ce, "Adda, me zan ce? In ce na gani?"

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, Baffa na zuwa kullum bayan la'asar, ya zauna bakin gado ya yi masa tofi. Ranar Asabar ina ɗakin ina ba shi ruwa Baffa ya shigo. Ya zauna, ya gyara rawani, ya ce, "Hamma, akwai maganar da nake so mu yi."

Baba ya ce, "Liman, sun sake komawa kuwa? An ce yanzu ƙarfe kawai suke aikawa, ba mutum."

"Ban sani ba, Hamma."

"Za su koma. Ba su ba, jikokinsu. Hanya in an taɓa bin ta ba ta ɓata." Ya yi numfashi, ya laluba ya kama hannun ƙaninsa ya riƙe. Haka suka zauna har aka kira magariba Baffa ya tashi ya tafi ba da salla. Ban sani ba ko Baba ya kauce wa maganar ne don ya yafe, ko don bai yafe ba. Washegari da hantsi ya cika.

Ranar Talata aka yi sadakar uku. Mun kwana muna aiki, waina da miyar taushe, da gumba ta rabo. Bayan an shafa fatiha jama'a suka fara raguwa, Baffa ya shigo cikin gida ya gaida Goggo, ya zauna a kan tabarmar Baba, wurin da ba wanda ya zauna tun ranar Lahadi. Na zuba masa waina na kai, na durƙusa na ajiye. Ya ture kwanon a hankali.

"Na gode, 'yata. Ina azumi."

Goggo, da idonta ya kumbura amma bakinta bai mutu ba, ta ce, "Azumin me? Yau ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Tun shekaranjiya ba ka ci abin kirki ba, so kake mu yi biyu?"

Ya ce, "Ranko ne, Adda."

"Rankon me? Kai da ko ciwon kai bai taɓa sa ka sha azumi ba?"

Baffa ya dubi tabarmar da yake kai. Ya ce, "Na waccan shekarar. Ana bina rana ɗaya ta farkon wata. Hamma ya gan shi."

Goggo ta ja gyale ta rufe fuska. Ni kuwa na so in ce masa Baffa, sai yanzu? Maganar ta zo mini har baki. Da na dubi tsohon nan, gemu fari, babu sauran mai ce masa Auta a duniya, sai na ɗauke kwanon na koma madafa.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa fiye da yadda ya so hasken wata, ya karɓi shaidarsa ta ƙarshe. Ya yafe masa zafin bakinsa, ya yafe wa ƙaninsa, ya yafe mana.

Da rana ta yi sanyi na jiƙa tsamiya, na dama kunun gyaɗa, na soya ƙosai kaɗan. Baffa bai tafi masallaci ba ranar, ya ce na'ibi ya ja salla. Ya zauna a tsakar gida shi kaɗai yana jiran kira, a unguwar da babu wani mai azumi sai shi. Da ladan ya ɗaga murya na kai masa kunun a kwanon Baba, da ludayin Baba, na sa masa tsoka mai kyau a gefe.